Wahalar haɗiya da maƙalewar abinci

Wahalar haɗiya, wadda likitoci ke kira disfajiya, yanayi ne da abinci ko abin sha ke kasa wucewa cikin sauƙi daga baki zuwa tumbi. Sunan likitancin daga Girkanci yake, an haɗa kalma mai nufin "wahala" da wata mai nufin "ci". Ba cuta ce mai zaman kanta ba, alama ce da cututtuka da dama ke haifarwa, daga masu sauƙin magani har zuwa ciwon daji. A wajen wasu takan zo sau ɗaya ta wuce. A wajen wasu kuma takan yi ta dawowa tsawon shekaru, har wata rana loma ta tsaya cak a bututun abinci, ta ƙi gaba ta ƙi baya. Wannan tsayawar ita ake kira maƙalewar abinci, kuma idan ta toshe hanya gaba ɗaya sai an cire ta a asibiti cikin gaggawa.

Kalmomi

A maganar yau da kullum Hausawa kan yi amfani da maƙogwaro da maƙoshi wajen ambaton duk abin da ke cikin wuya, ba tare da an ware hanyar iska da hanyar abinci ba. A fannin likitanci kuwa raba su wajibi ne, domin haɗarinsu ba ɗaya ba ne. A wannan maƙala "bututun abinci" na nufin hanyar da ta tashi daga ƙasan maƙogwaro ta sauka tumbi, "bututun iska" kuma hanyar da ta nufi huhu.

Harshen ya fi rarrabewa a wajen aikatau. Idan aka ce mutum ya ƙware, abin ya bi hanyar iska ne, sai tari da hawaye su biyo baya (rubutun boko bai bambanta wannan kalma da ƙwarewa ta gwaninta ba, a baki ake jin bambancin). Idan aka ce ya shaƙe, numfashi ne ya toshe. Idan kuwa aka ce abu ya maƙale ko ya tsaya masa a ƙirji, galibi bututun abinci ake nufi. Mara lafiyar da ya zaɓi kalmar da ta dace ya rage wa likita rabin aiki.

Yadda haɗiya ke gudana

Tsawon bututun abinci a jikin baligi ya kai kimanin santimita 25. Yana bayan bututun iska da zuciya, ya ratsa tantanin da ya raba ƙirji da ciki, sannan ya haɗu da tumbi. Kowane ƙarshensa yana da zoben tsoka mai aiki kamar ƙofa. Na sama yana buɗewa idan loma ta iso, na ƙasa kuma yana sakin jiki ya bar ta ta shiga tumbi, sannan ya sake matsewa don kada ruwan tsamin tumbi ya hauro.

Abinci ba zuba kawai yake yi ba kamar ruwa a indararo. Tsokar bututun ce ke matsawa daga sama zuwa ƙasa bi da bi, tana tura lomar, kuma tafiyar kan ɗauki daƙiƙa takwas zuwa goma. Akwai wurare uku da bututun ya ɗan tsuke tun asalin halitta: a mashigarsa, a tsakiyar ƙirji inda babbar jijiyar jini da reshen bututun iska suka gitta shi, da kuma inda ya ratsa tantanin ciki. A waɗannan wurare ne ƙashi da kwabo da haƙorin roba suka fi tsayawa.

Iri biyu

Iri na farko shi ne wahalar fara haɗiya. Mutum kan ji abin tun yana bakinsa, ya yi tari, ruwa ya fito ta hanci, ko muryarsa ta canza bayan ya sha. Mafi yawan dalilansa na jijiya ne: shanyewar ɓarin jiki, cutar Parkinson, raunin tsoka, da gigin tsufa. Babban haɗarinsa shi ne abinci ya riƙa zurarewa cikin huhu yana jawo ciwon huhu.

Iri na biyu, wanda wannan maƙala ta fi mayar da hankali a kai, shi ne wanda lomar ke wuce wuya lafiya, sai bayan 'yan daƙiƙoƙi a ji ta tsaya. Inda mutum yake nunawa da yatsa ba kullum yake zama gaskiyar wurin ba. Wanda ya nuna ƙasan ƙirji yawanci ya dace, amma wanda ya nuna ramin wuya zai yiwu toshewar tana can ƙasa kusa da tumbi.

Akwai kuma jin kamar wani ƙululu ya tsaya a wuya alhali ba a ci komai ba, wanda kan ragu idan ana cin abinci. Wannan ba wahalar haɗiya ba ce ta ainihi, kuma galibi ba shi da haɗari.

Dalilai

Tambayoyi biyu ke nuna wa likita hanya. Ta farko, abinci mai tauri kaɗai ke tsayawa ko har da ruwa? Idan mai tauri ne kawai, akwai yiwuwar bututun ya tsuke. Idan tun farko har ruwa ba ya wucewa, tsokar ce ba ta aiki daidai. Ta biyu, abin yana zuwa yana tafiya ne, ko kullum ƙaruwa yake yi?

Tsukewa saboda ƙwannafi. Idan ruwan tsamin tumbi ya daɗe yana haurowa, yakan ƙona ƙasan bututun, wurin ya warke da tabo, tabon kuma ya janye ya rage faɗin hanya. Masu wannan matsala sukan ba da labarin ƙwannafi na shekaru, wahalar haɗiyar kuma a hankali take ƙaruwa.

Zoben Schatzki. Wani siririn zobe ne na fata da ke fitowa daidai inda bututun ya haɗu da tumbi. An ba shi sunan Richard Schatzki, likitan hoton jiki haifaffen Jamus da ya yi aiki a Amurka, wanda ya bayyana shi a 1953. Shi ne ya lura cewa idan faɗin hanyar ya gaza milimita 13 kusan kullum ana samun wahalar haɗiya, ma'aunin da har yau ake ambato. Mai wannan zobe kan yi watanni ba abin da ke damunsa, sai ranar da ya haɗiyi yankan nama bai tauna sosai ba. Saboda yawan faruwar hakan a wuraren cin gasasshen nama ne likitocin Amurka suka yi wa lamarin laƙabi da sunan irin waɗannan gidajen abinci.

Kumburin iyosinofil. Wannan ita ce cutar da ta fi canza fahimtar likitoci game da maƙalewar abinci a shekaru talatin da suka wuce. Iyosinofil wani nau'i ne na fararen ƙwayoyin jini, kuma lafiyayyen bututun abinci ba ya ɗauke da su. A jikin mai cutar, garkuwar jiki kan ɗauki wani abinci a matsayin abokin gaba, sai waɗannan ƙwayoyi su taru a bangon bututun su kumbura shi. Idan aka daɗe ba magani, bangon kan yi tauri, ya yi zobba-zobba, ya tsuke. Maza sun ninka mata kusan sau uku a cikin masu ita, kuma ta fi bayyana a yara da masu shekara ashirin zuwa arba'in. Da yawansu suna da asma, ko atishawa da ƙaiƙayin hanci na lokaci-lokaci, ko kumburin fata mai ƙaiƙayi. A ƙananan yara ba ta cika zuwa da maƙalewa ba: ƙin cin abinci ne, da amai, da rashin girma yadda ya kamata. A binciken da aka yi a Turai da Amurka, kusan rabin manyan da aka cire wa maƙalallen abinci aka kuma gwada gutsuren bututunsu, wannan cuta aka samu.

Matsalarta ita ce jinkirin ganowa. Wani nazari da aka buga daga ƙasar Siwizalan a 2013 ya nuna cewa matsakaicin lokaci tsakanin fara alamu da gano cutar shekara shida ne. Waɗanda aka gano nasu cikin shekara biyu, kusan kashi 17 cikin 100 ne bututunsu ya tsuke, amma waɗanda suka haura shekara 20 ba a gano ba, adadin ya kai kusan kashi 70.

Akalesiya. Ma'anar sunan a Girkanci "rashin sakin jiki". Jijiyoyin da ke umartar zoben ƙasa ya buɗe ne ke lalacewa, sai ƙofar ta zauna a matse, bututun kuma ya daina turawa. Abinci da ruwa duka suna taruwa, bututun ya buɗe kamar jaka, mutum ya riƙa dawo da abincin da bai narke ba, wani lokaci cikin barci. Ba ta da yawa, kimanin mutum ɗaya zuwa biyu cikin 100,000 ke kamuwa a shekara. A Kudancin Amurka cutar Chagas na haifar da irin wannan lalacewa.

Ƙuna da soda. A ƙasashen Afirka ta Yamma, ciki har da Najeriya da Ghana da Saliyo, ɗaya daga manyan dalilan tsukewar bututun abinci a yara shi ne shan sodar da ake yin sabulu da ita a gida. Idan aka jiƙa ta ba ta da launi, kamar ruwa take, kuma sau da yawa a robar ruwan sha ko kwalbar lemo ake ajiye ta. Kurɓa ɗaya ta isa ta ƙona bututun. Bakin yaron kan warke cikin kwanaki, iyaye su ɗauka an tsira, sai bayan mako uku zuwa 'yan watanni tabo ya rufe hanya, yaro ya koma ko kunu ba ya wucewa. Ruwan batir ma haka yake yi. Sa yaron amai yana sake ƙona wurin karo na biyu, manjan da aka saba ɗura wa wanda ya sha guba kuma ba ya kashe ƙarfin soda.

Ciwon daji. Wahalar haɗiyar da ke ƙaruwa cikin makonni ko 'yan watanni, daga nama zuwa tuwo zuwa kunu, tare da rama, musamman a wanda ya haura shekara hamsin, ana ɗaukarta a matsayin ciwon daji har sai bincike ya nuna ba shi ba ne. Taba da giya na cikin manyan musabbabansa. A 2016 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shan abu mai zafin da ya haura digiri 65 a ma'aunin Salshiyos cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo shi. Ya fi yawa a arewacin Sin, da arewacin Iran, da gabashin Afirka daga Kenya zuwa Malawi.

Sauran dalilai sun haɗa da ƙwayar magani da ta tsaya ta yi gyambo (doksisaikilin, maganin ƙarin jini, da magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen sun yi suna a nan), da farin naman gwari da ke kama bututun masu raunin garkuwa kamar masu cutar ƙanjamau, da siririn tantani da ke fitowa a saman bututun wasu masu ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini, da kuma maƙoƙo idan ya girma ya danne hanya.

Idan loma ta tsaya

Abu na farko shi ne a tabbatar ko mutum yana numfashi. Wanda ba ya iya magana ko tari, yana riƙe wuya, hanyar iskarsa ce ta toshe, kuma shi ake buga wa baya a matsa masa ciki nan take. Wanda yake magana yana numfashi amma yana jin nauyi ko zafi a ƙirji, abincin a bututun abinci yake. Matsa masa ciki ba zai amfane shi da komai ba.

Sau da yawa lomar kan wuce da kanta ko ta dawo cikin 'yan mintuna. Abin da ya dace shi ne a daina ci, a zauna a miƙe ko a ɗan taka, a kwantar da hankali. Ana iya gwada kurɓar ruwa kaɗan, idan ya dawo a dakata. Alamar da ke nuna hanya ta rufe ruf ita ce kasa haɗiye yawu: mutum ya yi ta tofarwa ko miyau ya riƙa zuba. Ƙa'idar ƙungiyar likitocin endoskofi ta Turai ta 2016 ta ce a irin wannan hali a cire lomar cikin awa biyu idan da hali, kada a wuce shida. Idan hanyar ba ta rufe gaba ɗaya ba, kada a wuce awa 24, domin lomar da ta daɗe tana danne bango takan yi masa rauni. Zazzaɓi, tsananin ciwon ƙirji ko baya, aman jini, ko kumburin wuya mai ƙaras-ƙaras idan an taɓa, alamu ne na cewa bututun ya huje, kuma wannan na iya kisa.

Dabarun gida da aka saba da su yawancinsu ba su da amfani, wasu ma cutarwa suke yi. Haɗiyar ƙatuwar lomar tuwo ko burodi ko ayaba don ta ture ta farko kan ƙara cunkoso, idan kuwa ƙayar kifi ce ko ƙashi tana iya ƙara nutsa shi cikin nama. Cusa yatsa don ƙaƙaro amai da ƙarfi yana iya yaga bututun. Sinadarin gwanda da ake tausasa nama da shi, an taɓa ba marasa lafiya a asibitoci, aka daina saboda ba ya bambanta naman da ya maƙale da naman bututun. Lemon kwalba mai gas ya daɗe yana da magoya baya har cikin likitoci, amma gwajin da aka yi a asibitocin ƙasar Holan kan mutum 51, wanda mujallar BMJ ta buga a Disamban 2023, ya nuna sakamako ɗaya: kashi 61 cikin 100 sun samu sauƙi a ɓangaren da aka ba lemon, haka ma a ɓangaren da ba a ba ba. Allurar gulukagon da ake yi a wasu asibitoci ita ma shaidar amfaninta ba ta da ƙarfi.

A asibiti ana zura endoskof, wato siririn bututu mai lanƙwasa da kyamara a kansa, a tura lomar a hankali zuwa tumbi ko a ciro ta gutsure-gutsure. Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne a tsaya a cirewar kawai. Mafi yawan manyan da abinci ya maƙale musu suna da wata cuta a ƙarƙashi, don haka ya kamata a ɗauki gutsuren bango a gwada tun a wannan zama, a kuma ba da ranar dawowa. Wanda aka sallama ba a faɗa masa dalili ba yana da damar ya tambaya.

Bincike

Endoskofi ne gwajin farko ga mafi yawan masu matsalar bututun abinci. Yana nuna tabo, zobe, gyambo ko ƙari, kuma ta nan ake gutsuro nama. Don gano kumburin iyosinofil ana ɗaukar aƙalla gutsure shida daga wurare daban-daban, ko da bututun ya yi kama da lafiyayye a ido, sannan a ƙirga ƙwayoyin a madubin likita: 15 ko fiye a fili ɗaya shi ne ma'auni.

Hoton bariyom, inda ake shan wani farin ruwa mai kauri ana ɗaukar hoto yana sauka, ya fi arha kuma ya fi samuwa a wuraren da babu endoskof. Yakan kama siririn zoben da kyamara ta tsallake, a akalesiya kuma yana nuna ƙasan bututun ya tsuke kamar bakin tsuntsu. Ba a yin sa lokacin da loma ke maƙale. Idan waɗannan biyun ba su nuna toshewa ba, sai a auna ƙarfin matsawar tsokar da wata siririyar igiya da ake zurawa ta hanci.

Magani

Maganin ya danganta da dalilin. Tsukewar tabo da zoben Schatzki ana buɗa su ne da balan-balan ko da sanduna masu laushi da ake ƙara kaurinsu mataki-mataki, ana neman faɗin milimita 15 zuwa 18. Ciwon ƙirji na kwana ɗaya ko biyu bayan aikin abu ne da aka saba gani, hujewa kuwa ba ta kai mutum ɗaya cikin 100 ba. Buɗawa ba ta kawar da dalili, shi ya sa ake haɗawa da maganin rage tsamin tumbi irin su omefrazol. Tabon soda ya fi kowanne taurin kai: yaro kan buƙaci buɗawa sau da yawa, wani lokaci sai an sa bututun ciyarwa ta ciki, ko a yi tiyata a musanya bututun da wani yanki na hanji.

Kumburin iyosinofil yana da hanyoyi uku. Ta farko maganin rage tsami, wanda ke kwantar da kumburin a kusan rabin masu cutar. Ta biyu sitiroyid da ake haɗiyewa don ya shafi bangon bututun, kamar budesonid, ko flutikason na abin fesawar masu asma wanda ake fesawa a baki a haɗiye maimakon a shaƙa, sannan a yi aƙalla rabin awa ba ci ba sha. Tarayyar Turai ta amince da ƙwayar budesonid mai narkewa a baki, Jorveza, a 2018. Ta uku ita ce ƙaurace wa abinci. Tsarin da ya shahara tun 2006 yana cire abu shida: madara, alkama, ƙwai, waken suya, gyaɗa da danginta, da kifi da sauran naman ruwa. Yana aiki a kusan kashi 70 cikin 100, sai dai yana da wuyar bi, kuma dawo da kowane abinci na buƙatar sabon endoskofi don a ga ko shi ne mai laifin. Tunda madara ce ta fi yawan zama sanadi, alkama na biye, likitoci da yawa yanzu da cire madara kaɗai suke farawa. Gwajin fata na borin jini ba ya nuna abincin da ke jawo wannan cuta yadda za a dogara da shi. Ga waɗanda duk wannan bai yi musu ba, hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da allurar Dupixent a watan Mayun 2022, amma tsadarta ta sa ta fi ƙarfin mafi yawan mutane. Ko wace hanya aka bi, cutar kan dawo idan aka daina, kuma jin sauƙi ba ya tabbatar da cewa kumburin ya kwanta.

A akalesiya ba a iya farfaɗo da jijiyoyin da suka mutu, sai dai a raunana ƙofar da ta ƙi buɗewa: da babban balan-balan, ko a yanka tsokar ta tiyata, ko ta cikin endoskof. Allurar Botox na ba da sauƙi na 'yan watanni, an fi yi wa tsofaffin da ba za su jure tiyata ba.

Cire beli da wanzamai ke yi a ƙasar Hausa saboda ciwon wuya ko wahalar haɗiya ba ya taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan dalilai, domin dukkansu suna can ƙasa da inda aska ke kaiwa. Abin da yake ƙarawa shi ne haɗarin zubar jini da kamuwa da cuta, da ɓata lokacin da ya kamata a yi bincike.

Zama da matsalar

Masu fama da wannan matsala na tsawon lokaci sukan ƙirƙiro dabaru ba tare da sun lura ba. Su ne na ƙarshen tashi daga kwano. Ba sa fara ci sai da kofin ruwa a gefe, suna tsoma komai a miya, suna yanka nama ƙanana-ƙanana, suna gudun ƙwayar magani. Idan likita ya tambaye su ko suna da wahalar haɗiya sai su ce a'a, kuma ba ƙarya suke yi ba, sun saba ne har sun ɗauka haka kowa yake ci. Shi ya sa tambayar da ta fi fito da gaskiya ita ce yadda mutum yake ci, ba ko yana iya ci ba.

Dabarun kansu suna da amfani matuƙar ba su maye gurbin bincike ba. Abincin da ya fi tsayawa shi ne busasshe, mai zare, ko mai dunƙulewa: kilishi, tsire, balangu, soyayyen naman layya da ya kwana biyu, ganda da ba ta dahu ba, ƙirjin kaza, sabon burodi, da shinkafa ba miya. Nama da aka dafa ya yi laushi aka daka ko aka niƙa, fate, tuwo mai laushi da miya mai yauƙi, kunu da ƙwai sun fi sauƙin wucewa. Ƙaramar loma, tauna har ta zama kamar kunu, da jira ta sauka kafin a ƙara wata, su ne ginshiƙi. Yawancin maƙalewa na faruwa ne lokacin gaggawa ko hira, a wajen biki, ko lokacin da yunwa ta yi yawa kamar a buɗa-baki. Rashin turame ko haƙoran roba da suka yi sako-sako na ƙara haɗarin, don haka ganin likitan haƙori na cikin magani. Akwai ma'aunin ƙasa da ƙasa na kaurin abinci da abin sha mai matakai takwas, daga 0 zuwa 7, da asibitoci ke amfani da shi wajen faɗa wa iyali irin laushin da ya dace da mara lafiyarsu.

Ƙwayar magani a sha ta da cikakken kofin ruwa, a zaune ko a tsaye, kada a kwanta sai bayan rabin awa. Ba kowace ƙwaya ake dakawa ba, musamman masu sakin magani a hankali, sai an tambayi mai harhaɗa magani. Mai ƙwannafi da mai akalesiya su bar awa uku tsakanin abincin dare da kwanciya, su ɗaga kan gado da kimanin santimita 15 zuwa 20 ta hanyar sa bulo a ƙarƙashin ƙafafunsa, domin tara matasan kai lanƙwasa ciki kawai yake yi.

Akwai ɓangaren da ba a cika magana a kai ba. Wanda loma ta taɓa tsaya masa a gaban jama'a yakan ji tsoron ta sake, ya fara gudun cin abinci cikin mutane, a al'ummar da ƙin sa hannu a kwano ake iya fassara shi da girman kai ko ƙyama. Wasu sukan rage ci har su rame fiye da yadda cutar kanta za ta ramar da su, tsoron kuma yana sa mutum ya riƙa jin kowace loma tana sauka. Sanar da na kusa abin da ake ciki, da abin da za su yi idan ta faru, yana rage wannan nauyi. Auna nauyin jiki duk wata da rubuta ranar da abinci ya tsaya da irin abincin na taimaka wa likita ya gane ko hanyar tana sake tsukewa.

Tarihi

A 1674 likitan Ingila Thomas Willis ya ba da labarin wani mutum da abinci ba ya shiga tumbinsa. Ya yi masa sanda da ƙashin kifin whale, ya ɗaura soso a kanta, mutumin ya riƙa tura abincinsa da ita bayan kowane ci, ya kuma rayu shekaru a haka. Ana ɗaukar wannan a matsayin bayanin akalesiya na farko. A 1724 Herman Boerhaave na ƙasar Holan ya bayyana mutuwar wani babban hafsan sojan ruwa, Jan van Wassenaer, wanda bututunsa ya yage bayan ya ƙaƙaro amai, kuma har yau da sunan Boerhaave ake kiran wannan yagewa.

Leƙa cikin bututun mai rai ya fara ne a 1868, lokacin da Adolf Kussmaul a birnin Freiburg na Jamus ya zura miƙaƙƙen bututun ƙarfe a maƙoshin wani mai wasan haɗiye takobi. Ernst Heller ya yi tiyatar yanka tsokar ƙofar tumbi a 1913, Basil Hirschowitz kuma ya fito da endoskof mai lanƙwasa a 1957. Kumburin iyosinofil bai samu matsayin cuta mai zaman kanta ba sai da rahoton Stephen Attwood na 1993 da na Alex Straumann na 1994. Kafin nan ana ɗaukar masu ita a matsayin masu ƙwannafin da ya ƙi jin magani, har an yi wa wasunsu tiyatar da ba su buƙata. A 1995 likitoci a asibitin Johns Hopkins suka nuna cewa yara goma masu cutar sun samu sauƙi da aka mayar da su kan abinci na musamman marar furotin ɗin da ke tada garkuwa, abin da ya tabbatar da alaƙarta da abinci. Yanka tsokar akalesiya ta cikin endoskof, ba tare da an tsaga fata ba, Haruhiro Inoue ne ya fara yin sa a Japan a 2008.